Tana, tsutsa ko gwazarma: wane suna ya dace da manyan nan da ke haƙa rami a fadama?

Malamin Gona, Birnin Kabi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni zuwa ga iyayenmu manoma da masunta, da malaman Hausa da ke cikinmu. Ina shirya 'yar takardar wayar da kai ga manoman shinkafa a kan lafiyar ƙasa, za a karanta ta a rediyo kuma a raba a ƙauyuka. Makon jiya muna kaftu a wata fadama wajen Argungu, bayan ruwan nan biyu da aka samu, sai galma ta tono wata aba doguwa. Kaurinta ya kusa ƙaramin yatsana, tsawonta ya wuce taƙi guda, jikinta jaja-jaja mai sheƙi, kafin in sunkuya ta fara nutsewa cikin laka kamar ana jan ta daga ƙasa. A takardata na rubuta "manyan tsutsotsi masu haƙa rami". Da na karanta wa mai gonar, wani dattijo, sai ya ɓata rai, ya ce kada in ƙara kiranta tsutsa a gonarsa, tana ce. Yaron da ke riƙe mana buhu kuma ya ce su a garinsu gwazarma suke cewa. Tanar da ni na sani 'yar siririya ce mai fitowa bakin rariya da damina. To wadda ta kai wannan girma ita ma tana ce, ko tana da nata sunan daban?

Ɗan Sarkawa, Yawuri:
Wa alaikumus salam Malam. Dattijon nan gaskiya yaf faɗa maka. Tana ta, babba ko ƙarama. Mu da ita munka tashi, tun muna yara ita muka tona bakin gulbi mu sa ga ƙugiya. Ban taɓa jin masunci ya ce zai tai tonon tsutsa ba.

Ɗan Kasuwar Albasa, Aliero:
Ni dai gwazarma na sani. Duk wata ƙatuwa mai kiɓa da aka tono cikin ƙasa haka muke ce mata.

Inna Mai Kiwo, Bunza:
A'a ɗana, ka haɗa abu biyu. Gwazarma ni nake kwasarta da hannuna duk shekara in za a kai taki gona. Cikin bingi take, inda kashin shanu da na tumaki ya daɗe ya ruɓe. Fara ce sol, gajeruwa, mai kiɓa, kullum a lanƙwashe kamar ƙugiya. Kanta ja ne mai tauri, kuma in ka duba wajen ƙirjinta za ka ga 'yan ƙafafu. Gindinta ya fi duhu saboda abin da ta ci. Kaji da zabi har faɗa suke yi a kanta. Abin da Malam ya kwatanta doguwa ce mai santsi, ba kai ba ƙafa. Ina ta haɗu da gwazarma?

Ɗan Kasuwar Albasa, Aliero:
To Inna, na ji. Wadda kika kwatanta ita ce na sani a bayan gidanmu. Ashe doguwar ban ba ta suna ba ne kawai.

Malamin Kimiyya, Jega:
Inna ta gama magana, sai dai in ƙara dalili. Gwazarma jaririyar ƙwaro ce. Irin ƙwarin nan masu taurin baya, dangin buzuzu, su ke yin ƙwai cikin taki ko cikin ƙasa, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya zama gwazarma, ta yi ta ci har ta ƙoshi, sannan ta kwanta ta rikiɗe ta fito ƙwaro mai fiffike. Ƙafafun da Inna ta gani guda shida ne. Tana kuwa ba ta rikiɗewa ta zama komai. Tana aka haife ta, tana za ta mutu.

Kuma Malamin Gona, wannan bambanci zai shafi takardarka kai tsaye. Gwazarmar cikin bingi ruɓaɓɓen abu take ci, ba ruwanta da shuka. Amma akwai 'yan'uwanta farare masu zama cikin gona suna cin saiwar gyaɗa da ta hatsi, ka ga shuka ta yi yaushi ba gaira ba dalili. In ka ce wa manomi ya bar abin da ya tono ya koma ƙasa, kuma shi a kansa gwazarma kake nufi, ka cuce shi. In kuma ka ce ya kashe tsutsar da ke cikin ƙasa, ya bi tana da magani, nan ma ka cuce shi.

Mai Fassara, Kaduna (ɗan Koko):
Ina da ja, kuma ina roƙon manya su yi mini haƙuri. Aikina ke nan kullum, juya labarai zuwa Hausa. Ban ga laifin kalmar tsutsa ba. Ita ce babbar rumfa da ta rufe duk wani abu mai laushi mai jan ciki. Muna cewa tsutsar ciki, tsutsar masara, tsutsar tumatir. Me zai hana a ce tsutsar ƙasa? Yaron da ya tashi Kaduna ko Abuja in ka ce masa tana ba lalle ya gane ba, amma tsutsar ƙasa ko ɗan shekara biyar zai fahimta.

Na biyu, kalmar tana da matsala a rubuce. Ku duba wannan jimla da na rubuta yanzu: "kalmar tana da matsala". Wa zai iya cewa wace tana nake nufi? A rubutun boko ba mu nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka tanar fadama da "tana zuwa" sifarsu ɗaya. Mai karanta labarai a rediyo in ya ci karo da "tana tana haƙa rami" sai ya ɗauka kuskuren bugu ne ya tsallake ɗaya.

Malamar Hausa, Gusau:
Ƙanena Mai Fassara, hujjarka ta biyu tana da ƙarfi, ta farkon ce ban yarda da ita ba.

Bari in fara da ta biyun. Gaskiya ne a rubuce suna kama, amma a baki ba mai haɗa su, domin sunan wannan halitta ana jan wasalinsa na farko, na "tana zuwa" kuwa gajere ne. Kuma ba yau Hausa ta fara zama da irin wannan ba. Gari na mazauni da gari na tuwo fa? Fari na launi da fari na rashin ruwan sama? Baba da baba? Ba mu jefar da ko ɗaya ba, jimla ce ke raba gardama. Marubuci mai kula sai ya kauce wa jera su, ya ce "tana kan haƙa rami" ko "ita tana, rami take haƙawa", magana ta wuce. Masu ƙamus tun daga Bargery a 1934 sun san da wannan matsala ta rubutu, shi ya sa suke sa alamomi a kan wasula don a san yadda ake furtawa.

Yanzu ta farkon. Kalma ba suna kaɗai take ɗauke da shi ba, tana ɗauke da yadda mutane ke ji game da abin. Ka saurari inda Bahaushe ke sa tsutsa. Nama ya yi tsutsa. Miki ya yi tsutsa. Mangwaro ya yi tsutsa. Masai ya cika da tsutsa. Ko karin maganar nan da ake cewa tsutsar nama ita ma nama ce, ai lallashin mai ƙyama ake yi da ita, wato an riga an san abin ƙi ne. Duk inda tsutsa ta shiga magana, ɓarna ce ko ruɓa ko ciwo ke biye da ita. Ka taɓa jin an ce ƙasa ta yi tsutsa ana nufin alheri? Shi ya sa ran dattijon nan ya ɓaci. A kunnensa, Malamin Gona cewa ya yi gonarsa ta lalace.

Batun yaran birni kuwa, in yaro bai san kalma ba koya masa ake yi. Ina koyar da 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare, kuma na lura yawancinsu ba su san matsattsaku ba, ba su san ƙadandoniya ba, shanshani kaɗai suka riƙe don yana cizo. Komai ya zama "wani ƙwaro" ko "wata tsutsa". Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin kakanninsu suna da suna ga kowanne.

Mai Fassara, Kaduna:
Yaya Malama, na karɓi batun ƙyama. Amma har yanzu tambayar Malamin Gona tana nan: babbar fa? Turawan Amurka suna da suna na musamman ga babbar, wanda ma'anarsa ita ce mai rarrafen dare, sun raba ta da ƙananan. Mu in duk tana ce, yaya za a bambance?

Ɗan Sarkawa, Yawuri:
Muna bambancewa mana, amma ba da sabon suna ba. Akwai tanar bola, 'yar ja mai yawan motsi, wadda ake samu ƙarƙashin ruɓaɓɓen haki ko inda mata ka zubda ruwan wanke-wanke. Ita ta dace da ƙaramar ƙugiya, ta gargaza da ƙananan kurungu. Akwai ta laka, babba mai duhu, sai ka yi tono sosai bakin ruwa inda ƙasa ba ta bushewa. Wagga ita muka nema in tarwaɗa muka so, ko ramboshi, don ba ta saurin mutuwa ga ƙugiya kuma kifi na jin ƙamshinta da dare. In na aiki yaro sai in ce mashi ɗebo mani manya, na laka. Ya gane. Ba a taɓa kawo mani gwazarma ba.

Kuma ku sani ba kowane kamun kifi ka son tana ba. Mamari ƙugiyoyi ne da yawa jere ga igiya, kifi ka bi ya sarƙe. Birgi da taru da homa kuwa raga ce. Masu shiga gulbin Matan Fada ranar gasar kamun kifi ta Argungu da gora da homa suke shiga, ba mai ɗaukar tana. Ita ta mai fatsa ce, mai zama bakin ruwa da haƙuri.

Ma'aikaciyar Lafiya, Kamba:
Don Allah ku ba ni dama in shigo, domin wannan ruɗanin suna har ɗakin shan magani yake biyo mu. Sau da yawa uwa za ta zo a firgice ta ce ɗanta ya yi kashin tana, ko ya yi aman ta, wai ya haɗiye ta ne wajen wasan ƙasa. Abin da ta gani macijin ciki ne. Suna kama sosai, dogo ne, fari ko jaja-jaja, yakan kai santimita 30 har da ɗoriya. Kamannin sun kai har masana da suka raɗa masa suna a Latin, Ascaris lumbricoides, ɓangare na biyun ma'anarsa mai kama da tana. Amma ba dangi ba ne. Ƙwansa ake haɗiya ta hannu mai datti ko ganye da abincin da bayan gida ya taɓa, ya girma cikin hanji. Tanar gona ba ta rayuwa cikin cikin mutum. In uwa ta ɗora laifin a kan tana, sai ta hana yaro zuwa fadama, alhali gyaran yana wajen wanke hannu da masai da shan maganin tsutsar ciki.

Haka wasu ke cewa tana na shiga ta tafin ƙafa. Akwai tsutsar da ke shiga ta fatar ƙafa in ana yawo ba takalmi inda ake bayan gida a fili, tana shan jini a hanji, amma lokacin da take shiga ido ba ya ganinta. Ba tana ba ce.

Sannan manyanmu za su tuna kurkunu. Shi ma dogo ne, fari kamar zare, yakan kai mita guda, yana fitowa ta ƙafa ana naɗe shi a tsinke kaɗan-kaɗan har makonni. Ta ruwan tafki ake ɗaukarsa, sai bayan kamar shekara ya fito, sau da yawa daidai lokacin aikin gona. Ƙidayar da aka yi a 1988 ta samu mutum sama da 650,000 da shi a Najeriya. Aka dage da tace ruwa da haƙa rijiyoyi, Cibiyar Carter da Janar Yakubu Gowon suka yi ta zagaya ƙauyuka, aka ga na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an rabu da shi a 2013. Abin da nake so ku lura da shi, lokacin wannan yaƙi ba wanda ya ce wa mutanen ƙauye "tsutsar ruwa". Kurkunu aka ce, sunan da suka sani, shi ya sa kowa ya gane abin da ake magana a kai.

Baba Manomi, Suru (ɗansa ke rubuta masa):
Salamu alaikum. An karanta mani abin da kunka ce duka. Malamin Gona, Allah shi yi maka albarka da kat tambaya ba ka yi gaban kanka ba.

Ni shekaruna sun haura saba'in, cikin hwadama aka haihe ni. Lokacin da muna samari, in mutum zai ari gona ko zai saye, ba shi tambayar kowa. Da sassafe zai tai, bayan an yi ruwa, shi duba ƙasa. In yag ga kashin tana ya yi tsiri-tsiri ko'ina, kamar an murɗa laka an tsaida, to ya san wurin na da rai. Ka ɗauki guda ka murje ga hannu, laushi gare shi kamar garin da anka tankaɗe. Mahaifina shi kan ce mu bar shi nan, kada mu share. Wurin da babu shi ko ɗaya, ƙasa ta yi tauri ta yi fari, ruwa na gudu bisa ba shi shiga, sai an sha wahalar taki kamin a ci amfaninta.

Kuma tana ba ta mutuwa da rani kamar yadda yara ka zato. Ƙasa take yi. Mun sha gina rijiyar ban ruwa cikin bazara, sai an yi nisa a ishe ta ta dunƙule wuri guda kamar ƙulli, cikin ɗan ɗaki mai santsi, tana jiran ruwa. Kamar dai gaiwa da ka kwana cikin busasshiyar laka har ruwa shi dawo. Ruwan farko na sauka, kwana kaɗan ka ga kashinta ya hito.

Abin da ka damuna shi na, yanzu ba ni ganinta kamar da. Gonar da nis san in an kai galma sau goma sai an tono ta sau biyar, yau sai ka yi kunya guda ba ka gan ta ba. Ni ba malami ba ne, amma na ga abin da ac canza. Da muna barin tattakar shinkafa ta ruɓe, shanun Fulani su kwana su yi taki. Yanzu wuta aka sa ma tattaka don sauri, ko a kwashe a saida, a yi feshi, a watsa takin zamani, a sake shuka, shekara duka ƙasa ba ta hutawa. To mi za ta ci? Ita ruɓaɓɓen haki da ganye take ci.

Don haka kada ka ce mata tsutsa. Tsutsa ita ta wadda ka cin zuciyar masara, muna sayen magani dominta. In mutane sunka ji rediyo ya ce tsutsa, hannunsu ga tulun feshi zai tai.

Malamin Gona, Birnin Kabi:
Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Wannan bayani na kashin tana da duba gona da sassafe, in ka yarda, zan sa shi a takardar yadda ka faɗe shi.

Manomin Rani, Talata Mafara:
Gaisuwa ga Baba. Mu nan wajen madatsar ruwan Bakolori muna ganin abin da ya faɗa. Ranar da aka sako ruwa cikin fangali sai su fito sama da yawa, balbela ta sauko ta yi ta tsinta. Amma ina da ƙorafi guda a kanta. Wasu cikinmu na cewa ita ke huda gefen fangali ruwa ya zurare. Ko akwai gaskiya a ciki?

Ɗan Sarkawa, Yawuri:
Ka duba girman ramin. In ɗan yatsa biyu ka shiga, ƙaguwa ta ko ɓera.

Malamin Kimiyya, Jega:
Ɗan Sarkawa ya ba ka ma'auni mai kyau. Ramin tana siriri ne, bai fi kaurin jikinta ba. Inda suka yi yawa a gefen fangali mai taushi ruwa kan iya tsatsa ta ramukan, ba zan ce sam ba ya faruwa ba, amma dannan gefen da ƙafa da liƙe shi da laka ya isa. Wannan ramin dai shi ne amfaninta a tsakiyar gona: ta nan ruwa da iska ke sauka, ta nan saiwa ke bi ta yi zurfi.

Bari in koma kan tambayar Mai Fassara, don ta cancanci amsa. Masana sun kasa tana gida uku bisa ga inda take zama. Akwai mai zama sama-sama cikin ruɓaɓɓen ganye da taki, ba ta haƙa rami sosai, ita ce tanar bolar da Ɗan Sarkawa ya ce. Akwai mai yawo cikin ƙasa a kwance tana cin ƙasar kanta. Sai kuma mai haƙa rami a tsaye, mai zurfi, wani har ya wuce mita guda, tana zaune cikinsa dindindin. Ta Turai da ake kira Lumbricus terrestris irin wannan ce. Da dare take leƙowa, wutsiyarta na maƙale cikin rami, ta jawo ganye ta shige da shi, in ta ji motsin ƙafa ta koma kamar walƙiya. Daga nan sunan mai rarrafen dare ya samo asali, kuma su ma can masu fatsa ne suka fi amfani da kalmar, don saye da sayar da ita ake yi a matsayin abin sa wa ƙugiya. Ka ga ba su ƙirƙiri sunan daga littafi ba, daga aikin da suke yi da ita ne, kamar yadda masuntanmu suka ce ta laka da ta bola.

Wani abin da zai ba ku mamaki, akwai wata tana 'yar asalin Afirka ta Yamma, Eudrilus eugeniae, mai sheƙin shunayya, wadda yanzu ake kiwonta a Indiya da Amurka da wasu ƙasashe masu zafi don ta mayar da shara da kashin dabbobi taki. Tamu ce, wasu ke cin moriyarta. Ita ma sun laƙaba mata mai rarrafen dare ta Afirka saboda girmanta, alhali a ɗabi'a ta sama-sama ce, ba mai zurfin rami ba. Wato ko a can sunan bai tsaya kan ƙa'ida ɗaya ba. Shi ya sa ban ga dalilin da zai sa mu kwaikwayi rabonsu ba.

Game da jikinta, Malamin Gona, ga abin da zai yi wa manomi amfani. Ba ta da huhu, ta fata take numfashi, kuma sai fatar na da danshi. Shi ya sa rana ke kashe ta cikin ɗan lokaci, gishiri ma haka. Ba ta da ido amma tana jin haske ta guje shi. Ba ta da haƙori, ƙundu gare ta kamar na kaza, da shi take niƙa abin da ta haɗiya. In ka shafa ta daga wutsiya zuwa kai za ka ji ɗan kaushi, wasu 'yan gajerun gashi ne da take kafewa da su a bangon rami, shi ya sa in ka ja ta da ƙarfi take tsinkewa maimakon ta fito. Wannan ɗamarar mai kauri da ke kusa da kanta alamar ta balaga ce, daga nan take fitar da ɗan kwanson da ƙwai ke ciki. Kowace ɗaya tana da halittar namiji da ta mace, amma galibi sai biyu sun haɗu.

Charles Darwin, Baturen nan masanin halittu, ya shafe shekaru da dama yana lura da ita, har littafinsa na ƙarshe da ya fito a 1881 a kanta ne da yadda take juya ƙasa. Abin da ya gano ta hanyar awo, shi ne Baba ya faɗa mana yanzu daga abin da mahaifinsa ya nuna masa.

Ɗalibar Sakandare, Zuru:
Malam, da gaske ne in aka yanka ta biyu sai ta zama guda biyu? Haka yayyena ke cewa.

Malamin Kimiyya, Jega:
A'a 'yata. Duka ɓangarorin za su yi ta motsi na ɗan lokaci, shi ke ruɗin mutane. Ɓangaren da ke da kai da ɗamarar nan yakan iya warkewa ya tsiro sabuwar wutsiya in yankan bai matso gaba sosai ba. Ɓangaren wutsiya yawanci mutuwa yake yi. Ki gaya musu su daina gwadawa.

Inna Mai Kiwo, Bunza:
Malam na Jega, wannan kiwon tana da ka ce ana yi a Indiya, mace za ta iya yi a cikin gida? Ina da kashin awaki da yawa, kuma kajina za su so ta.

Malamin Kimiyya, Jega:
Ƙwarai kuwa Inna. Tsohon baho ko rabin randa mai huda a gindi, a inuwa. Ki zuba takin da ya riga ya huce, ba ɗanye mai zafi ba, da busasshen ganye da ɓawon kayan miya. Ki riƙa yayyafa ruwa ya zauna da danshi, kada ya yi caɓi. Ki rufe da tsohon buhu. Tanar bola za ki sa, ba babbar ta laka ba, don ita babbar ba ta zama cikin baho, zurfi take nema. Abokan gabanta su ne kwarkwasa da cinnaka da kajin naki, sai zafin watan Maris da Afrilu, lokacin ne za ki fi kula da ruwa da inuwa.

Malamar Hausa, Gusau:
Ku duba abin da ya faru yanzu. Malam ya ce wa Inna ta sa tanar bola, ba ta laka ba, kuma ba wanda ya nemi ƙarin bayani. Mai Fassara, ka ga amsarka.

Ƙari ɗaya ga Malamin Gona: kada ka wahalar da kanka neman jam'i. A bakin mutane "tana ta fito" ya wadatar ko guda ce ko ɗari, kamar yadda ake cewa gara ta ci, fara ta sauka.

Malamin Gona, Birnin Kabi:
Na gode wa kowa. Ga yadda na gyara sakin layin, ku duba mini:

"Idan ka tono tana a gonarka, babba ko ƙarama, ka mayar da ita ka rufe da ƙasa mai danshi. Ramukan da take haƙawa su ke shigar da ruwa da iska zuwa saiwa, kashinta kuma taki ne. Ba ta cin shuka mai rai. Kada ka haɗa ta da gwazarma, fara mai ƙafafu da jan kai, ko da tsutsar da ke cin masara. Abincinta ruɓaɓɓen haki da tattaka da takin dabbobi, don haka ka rage ƙona gona."

Mai Fassara, Kaduna:
Ya yi kyau, kuma na ga ka kauce wa jera tana da tana. Roƙona ɗaya: tunda rediyo har cikin gari ake ji, a farkon ambato ka ƙara 'yar siffa, ka ce "tana, doguwar nan mai santsi da masu fatsa ke sa wa ƙugiya". Wanda bai san sunan ba sai ya kama daga nan. Ni ma daga yau haka zan riƙa yi a nawa aikin, ko da yake ina jin edita zai tambaye ni.

Baba Manomi, Suru:
Ka ƙara cewa a bar shanu su kwana gona bayan girbi in da hali. Kuma inda kac ce "ka rufe da ƙasa", ka ce da sauri, kamin rana ta taɓa ta.

Ɗan Sarkawa, Yawuri:
Malam, in za ka sa hoto ga takardar, kada ka ɗauko na intanet, na Turai za su ba ka. Ka zo Yawuri ranar kasuwa ka kwana, mu hita da asuba in tono maka ta laka da ta bola ka aza su gefe guda ka ɗauka. Inna kuma ta aiko maka da hoton gwazarma daga bingi nata.

Inna Mai Kiwo, Bunza:
Gobe in Allah ya kai mu za a kwashe taki, zan sa jikata ta ɗauka ta turo nan.